Waƙar Da Filo a Gidan Takaba

Sunanta na baftisma Filomen, amma a Zongo ba wanda ya taɓa kiranta haka. Da Filo muke cewa, yadda mutanenta Ewe suke kiran babbar mace. Dokunu, wato tuwon masara mai tsami, da soyayyen kifi take sayarwa a bakin babban titi, inda manyan motocin Nijar da na Burkina suke jeruwa suna jiran kaya daga bakin teku. Tun a tsohon Zongo na cikin gari ta fara wannan sana'a, tana budurwa. Da aka tashe mu aka kawo mu nan Agwe, lokacin wurin duk ciyawa ne da sauro, sai ta ɗauki tukunyarta ta biyo mu. Na taɓa tambayarta dalili. Ta ce masu cin dokununta ne suka tashi, to ita ta zauna ta sayar wa wa?

A gidana take haya, wanda ake ce wa gidan Hajiya, ɗaki biyu na kusa da rijiya. Ita kaɗai ce Kirista a gidan, ba ta kuma taɓa ɓoyewa ba. Gicciye a wuya, hoton Maryamu a bango, kyandir a ƙarƙashinsa. Ba mace mai daɗin zama ba ce. Tana riƙe magana shekara da shekaru, in kuwa ta tarar da shanyar wani a kan igiyarta, sai ta sauke ta ajiye a ƙasa ba tare da ta ce uffan ba. Na faɗi wannan ne don kada a zaci labarin waliyyiya zan bayar.

Abin da ta iya shi ne waƙa. Cocinsu yana can Bè, da nisa daga nan, amma duk Lahadi sai ta je, tana cikin ƙungiyar mawaƙan da suke kira koral. Aikinta a cikinsu, ita ce mai tayar da waƙa a gidan makoki. Mutanensu ba sa gaggawar binne gawa kamar mu. Sukan ajiye ta a ɗakin sanyi na asibiti makonni, har dangi su taru daga Akara da Kotonu da Faransa, a ɗinka anko, a kafa rumfa a tare titi, sannan a yi ta rera wa mamacin waƙa kafin a kai shi. A wurinsu wanda ba a yi wa waƙa ba kamar baƙon da aka sallama ba rakiya ne. Da Filo ta raka mutane da yawa haka, waɗanda ta sani da waɗanda ba ta sani ba.

Kunnenta ya raba duniya gida huɗu, yadda ake jera mawaƙa a coci: soprano masu siririyar murya a sama, sai alto, sai tenor na maza, sai bas a can ƙasa. Kowa a Zongo ta san layinsa. Ladanin masallacin kasuwa tenor ne, amma yana zamewa in ya zo ƙarshe. Mai koko alto ce. Ni kuwa ta ce bas ce, kuskure aka yi aka zuba ni a jikin mace. Da asuba, idan ladanai suka ɗauka daga wannan masallaci zuwa wancan, wani yana shiga kafin wani ya sauke, sai ka gan ta tsaye a gaban murhu da muciya a hannu, ido a rufe, hayaƙi yana zagaya ta, kamar mai sauraron ruwan sama da ke tahowa daga nesa. Dokunu ya sha kamawa a gindin tukunya saboda wannan.

Mijinta kafinta ne, ya mutu da wuri. Kafin ta samu ɗa mai rai ta yi ɓari sau uku. Mu a nan in mace ta yi ɓari sai a ce Allah ya mayar da alheri, a wuce wurin. Ita ba ta wuce ba. Kowanne ta ba shi suna a ranta, ta kuma ce ta san layin da yake tsaye a wurin Mawu, wato Allah a bakinsu. In ta ji an ce wata yarinya a unguwa ta sha magani ta zubar da ciki, ba ta zagi, ba ta wa'azi. Sai ta yini ba ta ci abinci ba, kifinta ma ranar sai ya yi gishiri.

Na huɗun shi ya tsaya. Kosi ta sa masa, don ran Lahadi aka haife shi. A tsakar gidana ya yi rarrafe, Hausarsa ta fi Ewensa, amma tun yana ƙarami take jan sa zuwa Bè, har ya girma ya tsaya a layin tenor. Ya koyi gyaran firiji. Sai ya ga Sakinatu, 'yar wani Bazabarme mai sayar da tayoyi, ya musulunta saboda ita, ko kuma saboda Allah, wannan tsakaninsu ne. Aka sa masa Alasan. Da Filo ta yi damina guda ba ta amsa gaisuwarsa ba. Ranar biki kuma ita ta fi kowa tashi da wuri, ta soya kifin da aka ci har aka bar saura. Ta ba su ɗakinta ɗaya. Ba ta taɓa kiransa Alasan ba.

Auren bai cika shekara ba.

Ranar da abin ya faru Da Filo tana can garin Kpalime, wurin taron mawaƙan coci-coci. A irin wannan taro akan tattara wayoyin kowa a zuba a kwando, kada su dami waƙa. Da safe Alasan ya hau zemijan, babur ɗin haya, da injin firiji a cinyarsa. Wata tirela ta ja baya a bakin titi ba ta gan su ba. Mai babur ɗin ya tsira da karaya. Alasan kuwa ko asibiti bai kai ba.

Aka yi ta kiran wayarta tana ƙara a cikin kwando. Mazan unguwa kuwa suka yi abin da suka saba yi wa kowane Musulmi, abin da suke ganin shi ne gata: suka wanke shi, suka yi masa sutura, suka sallace shi bayan la'asar, suka kai shi. Ba wanda ya yi da mugunta. Ba wanda ma ya tsaya ya yi tunani. A wurinmu jinkirta gawa wulaƙanci ne, kuma ya daɗe da zama namu har an manta yana da uwar da take lissafin abin daban.

Washegari da hantsi ta iso, da rigar koral ɗinta a jaka. Ta tarar da tabarmi a ƙofar gida, maza zaune. An riga an gaya mata a hanya. Ta tsaya a kansu ta ce, "Wane asibiti aka ajiye shi?"

Ba wanda ya ɗaga kai. Can sai wani dattijo ya ce, "Sai haƙuri, Da. Ai an kai shi makwancinsa tun jiya."

Ta dube shi kamar ya yi magana da wani yare.

"Wa ya yi masa waƙa?"

Dattijon ya ce an yi masa salla, mutane sun cika sahu har titi.

Ta ce, "Ba wannan na tambaya ba." Ta wuce ciki.

Ba ta yi kuka ba, ni dai ban gani ba. Bakinta ne ya rufe. Ta koma bakin titi da tukunyarta bayan sadakar bakwai, tana zuwa Bè ran Lahadi, amma wata 'yar cocinsu ta gaya mini a benci na baya take zama, ba ta shiga layi. Da asuba ladanai suna yi, tana tuƙa dokunu ba ta tsayawa. Na ce mata wata rana, "Da, kin yi fushi da Allahnki ne?" Ta ce, "Muna gaisawa. Hira ce ba ma yi." Ta ce tana yawan mafarkin ɗanta yana yaro, yana tafiya a cikin ruwan tafkin Bè, ruwan iya gwiwarsa, yana waiwayowa kamar yana jiran a ba shi murya ya kama, ita kuma in ta buɗe baki sai iska.

Sakinatu tana takaba a ɗakin mijinta, ba ta fita sai bayan gida. Ƙanshin kifin da ake soyawa ne ya tona. Duk lokacin da Da Filo ta zuba kifi a mai, sai a ji yarinyar tana amai a bayan labule. Tsohuwa ba ta buƙatar likita ya gaya mata ma'anar wannan.

Sakinatu tana da yaya, Adjara, wadda ta yi aikin gida a Kuwait shekaru, ta dawo da jiki da zinariya a haƙori, tana kuma samar wa 'yan mata irin wannan aiki. Adjara ba ta iya magana a hankali ba, bangon gidana kuma ba kauri, don haka duk abin da ta zo da shi na ji. Akwai gida mai kyau da ke neman yarinya, ba za su jira ba. Kafin a hau jirgi ana gwada mace, mai ciki ba ta tafiya. Ga kuma takaba: malamanmu sun ce mai ciki ba ta fita takaba sai ta sauke abin da ke cikinta, ko da wata nawa ne. In cikin ya fita yanzu, takaba ta ƙare yanzu. Ta san wata kliniki a wajen Tokoin inda ake yi a gama kafin azahar.

Ba na ce Adjara muguwa ba ce. Ta ga matan da aka bari da goyo ba miji a Zongon nan, ta ga yadda suke ƙarewa, suna tallan ruwan sanyi a tsakanin tireloli da yaro a baya. Ƙanwarta shekara ashirin da kaɗan. Ita wannan take gani.

A bakin rijiya suka haɗu. Da Filo tana jan guga, Adjara ta fito daga ɗakin tana gyara mayafi.

"Adjara, abin da kike shiryawa, ki bari."

"Da, ina kwana tukuna. Wannan kuma maganar gidanmu ce."

"Gidan wa? Ɗana ne ya ajiye cikin nan."

"Ɗanki ya tafi ya bar mu da aiki. Jini ne kawai, Da. Ko ƙwayar gyaɗa bai kai ba."

"Ke ma daga nan kika fara. Ga ki yau ƙofar Hajiya ba ta ɗaukarki sai kin karkata."

Matan da ke wanke-wanke suka sunkuyar da kai suna dariya a cikin zani. Adjara ta riƙe ƙugu.

"To wa zai ciyar? Ke? Da dokunu?"

"Da dokunu na ciyar da ubansa, har ƙanwarki ta ga ya yi kyau ta aura."

"Tsufa dai ya zo, Da. Gobe in kin faɗi, wa zai ɗauka? Fadan cocinku?"

"Mutum ne a ciki, Adjara. Yana da layinsa. Ba a fitar da mutum daga layi tun bai buɗe baki ba."

Adjara ta dube ni ta ce, "Hajiya, kin ji ko? Ana maganar rayuwa tana maganar koral."

Ban sa baki ba. A addininmu ma abin ba halal ba ne, na sani, Adjara ma ta sani. Amma ni ba ni zan goya ba.

Daga nan Da Filo ta ɓata lamarin da hannunta. Ta ɗauko carbinta na Kirista ta durƙusa a ƙofar yarinyar, tana addu'a da Ewe da ƙarfi, safe da yamma. Sakinatu ta rufe taga. Da Filo ta dama mata kunun tsamiya, aka dawo da kwanon yadda yake. Ran nan dai yarinyar ta ɗaga labule, ta rame, idonta ya faɗa, ta ce:

"Mama, don Allah ki tashi. Gwiwarki za ta yi ciwo."

"Ki ce mini ba za ki je ba."

"Ba ke za ki ɗauke shi wata tara ba. In ya fito da fuskarsa fa? Kullum in buɗe ido in gan shi, ga shi ba shi ba? Ni ko rigarsa da ke rataye ban iya kallo ba. Ke kin yi shekara talatin da shi. Ni ko shekara ban samu ba, kuma ni ake so in biya."

Ta saki labulen. Da Filo ta daɗe a durƙushe. Da ta tashi sai da ta dafa bango. Ba ta sake komawa ƙofar ba.

Aka sa ranar zuwa klinikin, wata Litinin. Ana sauran 'yan kwanaki Da Filo ta shigo ɗakina, abin da ba ta cika yi ba, ta zauna a bakin gado ba a ce ta zauna ba.

"Hajiya, ban zo kan maganar cikin ba. Wannan na faɗi abin da zan faɗa, na bar wa Mawu. Ɗana nake so in raka. Ki bar koral su zo gidan nan ran Lahadi."

Na ce mata gidan Musulmi ne, gidan takaba kuma, ga gidan liman jikin katangarmu. Ba ganga, ba kakaki, ba ɗaga gicciye. Sai bayan la'asar, kuma ana kiran magariba kowa ya watse. Na ƙara da cewa ba na son a ji sunan Yesu yana tsallake katanga, don ni zan zauna da maƙwabta bayan sun tafi. Na zaci wannan zai sa ta haƙura.

Sai ta ce, "To. Za mu rufe baki."

Ban gane ba, ban kuma tambaya ba.

Ran Lahadi da yamma suka zo a tasi-tasi, maza da mata, sun fi ƙarfin tsakar gidana, cikin atamfa mai baƙi da fari. Suka gaishe ni da ladabi, wasu da Faransanci, wasu da 'yar Hausar kasuwa. Suka jeru layi huɗu suka sa rijiya a tsakiya. Shugabansu wani siririn tsoho ne, malamin makaranta da ya yi ritaya. Ya ɗaga hannu ɗaya. Ba wanda ya buɗe baki.

Da farko na zaci injin wata tirela ne a can titi. Daga ƙasa abin ya taso, daga ƙirjin mazan da ke baya, har na ji shi a ƙafar kujerata. Sai matan suka hau kansa a hankali. Waƙa ce sosai, mai hawa da sauka, amma ba kalma ko ɗaya, duk a cikin hanci da ƙirji, leɓuna a rufe. Rana ta yi ƙasa, ta shigo ta saman katanga ta kwanta a kan fuskokinsu. Shanyar da ke kan igiya ta daina motsi. Kajin gidan suka taru a gindin mangwaro suka yi tsit. Na ga matan maƙwabta sun leƙo ta saman bango, har da matar liman da ludayi a hannu, ba wadda ta ce komai, don ba abin da za a ce an faɗa. Ni kaina na rasa inda nake na ɗan lokaci. Na ga tsohon Zongo da aka rushe, da layin masu dawa, da mahaifiyata tana tankaɗe a ƙofa, abubuwan da na yi shekaru ban tuna ba. Tsakar gidan ta zama kamar kwale-kwale da aka kwance, tana tafiya a hankali da mu duka a ciki.

Da Filo tana gaba a layin alto, bakinta a rufe kamar na kowa, amma tana bin waƙar tare da su.

Koral ɗin nan suna da wata al'ada tasu. In wanda ya mutu ɗansu ne, a baiti na ƙarshe layinsa sai ya yi shiru, sauran uku su ci gaba, don a ji gurbin da ya bari. Tsohon ya juya ga masu tenor ya dunƙule hannu. Suka tsaya. Ni da ban san waƙa ba sai da na ji ramin. Kamar ɗakin da aka fitar da gado, komai yana nan amma tsakiyar fayau.

Sai wata 'yar murya ta fito daga bayan labulen takaba. Siririya, tana rawa, tana shaƙewa, amma tana bin ainihin inda ramin yake, tana hawa inda ya kamata a hau. Masu tenor suka dubi juna. Tsohon bai waiwaya ba, ya dai rage hannunsa ƙasa don sauran su sassauta, a ba ta wuri.

Daga baya Sakinatu ta gaya mini Alasan yakan yi wannan gunaguni in yana wanka ko yana kwance injin firiji. Ita ta ɗauka wata waƙa ce tasa marar kai da gindi, har tana yi masa tsiya cewa waƙarsa ba ta zuwa ko'ina. Ba ta san kashi ɗaya ne cikin huɗu ba. Sai ran nan ta ji sauran ukun.

A nan Da Filo ta buɗe baki, amma ba waƙa ce ta fito ba. Ta zauna a ƙasa a jikin rijiya ta yi kukan da ta riƙe tun daga Kpalime, da ƙarfi, ba kyan ji, kamar saniya. Ana cikin haka ladan ya kira magariba. Tsohon ya sauke hannu, suka tattara jakunkunansu suka fita ɗaya bayan ɗaya, yadda muka yi da su.

Litinin da safe Adjara ta zo da zemijan biyu suna jira a waje. Sakinatu ta ce ta dakata. Ta aika a kira ni, a kira Da Filo. Muka shiga ɗakin. Tana zaune a kan tabarma da farin mayafi.

"Kada ku ce waƙar jiya ce," in ji ta. "Na daɗe ina juya abin. Zan haife shi."

Adjara ta ce, "Ke Sakina, kin haukace?"

"Yaya, ki bari in gama. Zan haifa, in shayar, in yaye. Daga nan zan tafi, ko Kuwait ko wani wuri, ba zan tsufa a ɗakin nan ba. Mama, ke kika ce a bar shi, ke za ki riƙe. Amma Alasan Musulmi ya mutu. Abin da za a haifa ba za a yi masa baftisma ba. Ba zai taka coci ba. Ba gicciye, ba Bè. In kin yarda, a gaban Hajiya. In ba ki yarda ba, ga babur a waje."

Wanda bai zauna da Da Filo ba ba zai san abin da aka nema a wurinta ba. A imaninta ruwan baftisma shi ne ƙofa. Ɗa ɗaya ya riga ya fita ta wannan ƙofa a kan idonta. Yanzu ana ce mata ta sayi ran jikanta da sharaɗin ita da kanta za ta tsare ƙofar kada ya shiga.

Ta ce a hankali, "Ko ɗan ruwa a goshi? Ni kaɗai, a ɗaki, ba wanda zai sani?"

"Ko ɗigo, Mama."

Na ce, "Da, ki yi tunani. In kika yi alkawari a gabana, ni zan sa miki ido, kin san halina."

Ta tashi ta fita. Muna jin ta ta shiga ɗakinta ta rufe ƙofa. Masu zemijan suna ta danna oda a waje. Adjara ta zauna ta tashi, ta zauna ta tashi. Ta tagar ɗakinta na hango tsohuwar tsaye a gaban hoton Maryamu, ba ta durƙusa ba, ba ta kunna kyandir ba, tsaye kawai kamar mai jiran a ba ta canji a shago. Da ta dawo fuskarta ta yi toka.

Ta ce, "Mawu ya san hanyar Zongo. Ba sai na kai masa ba. A bar shi ya zo."

Adjara ta fita ta sallami masu babur tana zage-zage da Faransanci. Ta yi wata biyu ba ta taka gidan ba, amma ranar suna ita ta kawo rago.

Mace aka haifa, aka sa mata Hanane. Ba ta yi kama da ubanta ba ko kaɗan, kakanta Bazabarme ta ɗebo, har dogon wuyan. Sakinatu ta yi yadda ta ce. Ta yaye ta, ta tafi, tana kira ta waya ana ganin fuska, wani lokaci a kai a kai, wani lokaci a daɗe. An ce akwai wani direba ɗan Gana da ke nemanta a can. Ban ga laifinta ba.

Da Filo ta koma layinta a koral, ko da yake muryar ta fara tsagewa, yanzu wata ce ke tayar da waƙa a gidan makoki. Alkawarin kuwa ta riƙe shi yadda take riƙe fushi, ba sassauci. Na sa ido kamar yadda na ce, ban kama ta da komai ba. Hoton Maryamu ma ta mayar da shi bangon da ke bayan ƙofa. Ita ke kai yarinyar Islamiyya da yamma, da gicciyenta a wuya, ta zauna a kan wani dutse a waje har a tashi. In Hanane ta yi wasa da salla, ita ke fara yi mata faɗa kafin ni. Wani sabon Fada da aka kawo musu ya taɓa ce mata alkawarin da ya hana yaro baftisma ba alkawari ba ne. Ta ce masa lokacin da ake cinikin ba ya nan.

Ran Lahadi ne kawai abin yake da wuya. Takan yi wanka da wuri, ta sa farar rigarta, ta kawo mini yarinyar da kwanon koko. Yanzu Hanane ta yi wayo, ta fara tambaya. Lahadin da ta wuce ta riƙe gefen rigar ta ƙi saki.

"Kaka, ni ma zan je. Sau ɗaya kawai. In ji waƙar."

"Sake ni. Zauna wurin Hajiya."

"Me ya sa?"

"Na ba uwarki magana."

"Ai ba ta gani."

"Ni ina gani."

Ta ɓamɓare yatsun yarinyar ɗaya bayan ɗaya, ta fita. Na bi ta da ido har bakin lungu. Tana tafiya a hankali saboda gwiwa, farar rigar tana haske a tsakanin tirelolin da ke fake, har ta tsayar da babur ta hau a karkace. Ba ta waiwayo ba.

Da ta dawo da yamma, yarinyar ta yi barci a kan tabarmata, na ce mata, "Da, tsakaninki da Allah, kina nadama?"

Ta cire takalmi tana matsa ƙafa.

"Duk Lahadi," in ji ta. "Miƙo mini ita, gobe akwai makaranta."